Gida Mai Taya Shida

Awa bakwai muna kan kwalta
da gida ɗungum a bayanmu.
Tukwane na gware da juna a kabad,
firji na gunaguni,
Wren da Tobin na rigima kan wa zai kwana a gadon sama.

Baba yana kujerar gefe.
Shekara talatin da ɗaya, can ba wurinsa ba ne.
Likitan ido ya karɓe masa sitiyari a watan Maris,
ya bar shi da tsohuwar taswira
wadda ninki ya cinye daidai kan sunan garin.

Garin kuwa yana nan inda muka ajiye shi.
Shagon alawa mai ƙofa ruwan hoda,
jirgin yawon buɗe ido mai busa ƙarfe biyar,
yara jiƙe sharkaf, kowa rungume da tayar roba,
ƙamshin soyayyen kifi ya bi layi har bakin gada.
Ga kogin Wisconsin, launin shayi ba madara,
yana wucewa bai ce wa kowa sannu da zuwa ba.

Fili na goma sha huɗu namu ne tun ina famfara.
Bishiya nan, bishiya can, famfo a tsakiyar rigima,
kuma da baya ake shigarsa.

Na sa ribas.
Madubi ya cika da maƙwabta,
kowa ya jawo kujerarsa, kallo ya samu.
Karon farko saura ƙiris in tafi da famfon.
Karo na biyu reshe ya ja dogon layi a jikin fenti,
na ji shi har cikin haƙorina.

Baba bai ce uffan ba.
Ya buɗe ƙofa, ya laluba matakala, ya sauka,
ya je ya tsaya inda Mama take tsayawa,
kan faffaɗan dutsen nan, bayan tayar hagu.
Ya ɗaga hannu.

Ashe ya haddace hannunta.
Yatsu biyu, karya kan mota.
Tafi a buɗe, dakata.
Har da girgiza kan da take yi masa
in ya cika gaggawa.
Mutumin da allon hanya ya gagare shi karantawa
yana auna mini tazara da kunne,
da ƙarar tsakuwa, da hucin salansa a gwiwarsa.
Na daina kallon bishiya, na kalli hannun.
Gidan ya shige kamar ƙafa a tsohon takalmi.

Wani ya tafa. Wani kare ya taya shi.

Da yamma Delphine Haugen ta fili na sha biyar
ta zo da dafaffiyar masara guda shida a faranti.
Shida. Ta ƙirga mu da ido, ta sake ƙirgawa.
"Orval, ina Marlys?"
Baba ya karɓi farantin da hannu biyu.
Ya ce, "Bana ba ta samu zuwa ba."
Delphine ta dube ni. Na dubi wuta.
Ta zauna ba a ce ta zauna ba,
ta ɗauki ɗaya, Tobin ya cinye biyu.

Dare ya yi. Sauro ya karɓi harajinsa.
Daga wani fili rediyo na ba da labarin wasan ƙwallo.
Yaran duka biyu sun yi barci a gadon sama,
ƙafar wannan a wuyan wancan.

Da asuba na fito da kofi,
na tarar da shi tsaye a raɓa, ba takalmi,
yana bin layin jiya da ɗan yatsa
tun daga ƙofa har fitilar baya.
Na buɗe baki zan ba da haƙuri.

Ya ce, "Zagaya ɗaya gefen, akwai yayansa.
Ni na yi shi, shekararmu ta farko.
Uwarki ta rantse wa kowa a garin nan
bishiyar ce ta matso."